Jagorar Zuwa Baje Kolin Canton Don Mai Neman Kayan Lantarki

Duk wanda ke sayar da caja, fawa banki, fitilar caji ko fankar sola a Farm Centre ko Beirut Road a Kano ya san daga ƙasar Sin kayan suke fitowa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne hannu nawa kayan suka bi kafin su iso shagonsu, da abin da kowane hannu ya ɗora. Baje kolin Canton da ake yi a birnin Guangzhou shi ne wurin da za ka tsallake waɗannan hannaye, ka tsaya gaban wanda ya ƙera abin, ka riƙe shi, ka juya shi, ka yi tambaya.

An fara wannan baje koli a 1957, kuma sau biyu ake yinsa a shekara, a Afrilu da Oktoba, a katafaren filin Pazhou da ke bakin kogi. Faɗin wurin baje kayan ya kai murabba'in mita miliyan 1.55, rumfuna sun haura 70,000, kamfanoni kuma kusan 30,000. Ba kasuwar saye da ɗauka ba ce. Wanda ya tafi da niyyar ya cika jaka ya dawo ya yi kuskuren wuri. Ana zuwa ne a san mai kaya, sayen kuwa daga baya yake biyowa. In ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Fara da zaɓen zango

Kashi uku ake raba kowane zagaye, kowanne kwana biyar, kuma ana kwashe kaya gaba ɗaya a tsakani. Kayan lantarki, na'urorin gida, fitilu, injuna da kayan sola duk a zangon farko suke: 15 zuwa 19 ga Afrilu, ko 15 zuwa 19 ga Oktoba. Zango na biyu na kayan gida ne da na gini da kujeru, na uku kuma tufafi, takalma, kayan wasan yara da kayan asibiti. Wanda ya sauka ranar 22 ga wata yana neman inbata, sai ya tarar da tukwane da tangaran. Ka duba ranakun a shafin baje kolin kafin ka yanki tikiti.

Ni na fi son Oktoba. Afrilu a Guangzhou damina ce mai gumi, ruwa yana iya sauka ko da yaushe. Amma Oktoba tana da nata tarkon, zan zo kansa idan mun kai maganar lokacin ƙera kaya.

Rajista da biza

Wata uku kafin tafiya ka fara. Ka shiga shafin intanet na baje kolin ka yi rajista a matsayin mai saye daga ƙasar waje. Za a nemi hoton fasfonka, hotonka, da katin kasuwancinka. Daga nan ne za ka nemi takardar gayyata, wadda za ka haɗa da takardun neman biza. Bizar kasuwanci ita ce mai harafin M. Ofishin jakadancin Sin yana Abuja, ƙaramin ofishi kuma yana Legas, sannan akwai ofishin jakadanci a Yamai ga 'yan'uwanmu na Nijar. Fasfonka ya zama yana da sauran aƙalla wata shida. Ka tanadi takardar rajistar kamfaninka da bayanan asusun banki, domin ana yawan neman su, kuma kada ka manta da katin rigakafin shawara.

Mai niyyar Oktoba ya sani cewa makon farko na watan hutun ƙasa ne a Sin, ofisoshinsu suna rufewa. Wanda ya bari sai ƙarshen Satumba ya kai takardu ya sa kansa cikin ƙunci.

A kan dillalan biza, ga ra'ayina: babu laifi ka biya wanda ya san hanya ya taimaka maka da cike takardu, amma ka karanta duk abin da aka rubuta da sunanka kafin a miƙa. In aka rubuta ƙarya aka gano, fasfonka ne zai ɗauki tabon, dillali kuwa ya wuce wurin wani.

Idan kana da sha'awar leƙa baje kolin kayan lantarki na Hong Kong, wanda ake yi 13 zuwa 16 ga waɗannan watannin biyu, ka sani bizar Sin ba ta shigar da ɗan Najeriya Hong Kong. Tasu daban ce. Kuma in ka fita daga Sin zuwa can da biza mai shiga sau ɗaya, ba ka da hanyar komawa.

Jirgi da masauki

Daga Kano ana iya bi ta Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, a sauka a filin jirgin Baiyun na Guangzhou. Agogon Sin yana gaban namu da awa 7, saboda haka ka iso kwana biyu kafin buɗewa, jikinka ya saba. Mutumin da ya sauka da asuba ya wuce filin baje kolin kai tsaye, kafin la'asar ba ya gane abin da ake faɗa masa.

Kuɗin otal yana ninkawa a lokacin baje koli, musamman kusa da Pazhou. Ba dole ka kwana kusa ba. Abin da kake buƙata shi ne masauki kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Layi na 8 ne ke kai wa filin: tashar Xingangdong ga mai shiga ɓangaren A, tashar Pazhou ga ɓangarorin B da C. Mutanenmu da yawa suna sauka a unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka da Musulmi suka yi yawa, ga gidajen abincin halal a kowane lungu. Daga can sai ka canja layi kafin ka kai, amma samun abincin da hankalinka ya kwanta da shi bayan wunin tafiya a ƙafa ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka biya, ka tabbatar otal ɗin yana karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, domin doka ce a yi wa baƙo rajista da 'yan sanda cikin awa 24, kuma otal ne ke yi maka. In a gidan wani za ka sauka, kai da shi za ku je ku yi da kanku.

Waya da kuɗin kashewa, tun kana gida

Wannan shi ne abin da ke kama sabon zuwa. WhatsApp, Facebook, Gmail da taswirar Google ba sa aiki a kan intanet ɗin cikin Sin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe wa layinka na gida damar aiki a ƙasar waje, ko ka sayi layin matafiya kafin ka tashi. Ka sauke WeChat ka buɗe shi tun a gida, domin duk wanda za ka haɗu da shi a rumfa ta nan zai yi magana da kai, kuma yana fassara saƙo. Ka sauke Alipay ma, ka haɗa shi da katin Visa ko Mastercard da ka tabbatar yana aiki a waje. Daga mai tasi har mai sayar da ruwa, da waya ake biyansu. Duk da haka ka riƙe ɗan kuɗinsu, yuan, a aljihu saboda ranar da kati zai ƙi.

Kayan da za ka ɗauka ba su da yawa: takalmi mai laushi da ƙafarka ta riga ta saba da shi, katin kasuwanci kamar 200, littafin rubutu, sitefila, ƙaramin tef na awo, da jaka mai taya. Ka ƙara da abu biyu da mutane kan manta. Na farko, ɗan na'urar da ake soka wa caja ta nuna ƙarfin wutar da ke fita. Na biyu, samfurin abin da ya fi tafiya a shagonka, har da wanda kwastomomi suka fi dawowa da shi. Ajiye abu a kan tebur ya fi dogon turanci.

Ranar farko a fili

Ka karɓi katin shigarka da fasfonka na asali, a teburin da suke ajiyewa a filin jirgi ko a manyan otal, domin layin bakin ƙofa a safiyar farko yana cin awanni. Ka adana katin bayan an gama, ana amfani da shi a zagaye na gaba. In za ka shiga da tafinta ɗan ƙasar, shi ma sai an yi masa nasa katin, kuma akwai kuɗi.

Ana buɗewa ƙarfe 9:30 na safe, a tashi 6 na yamma. Tun da daddare ka duba taswirar filin ka ware zauren da kayanka suke. Lambar rumfa tana da ma'ana: in ka ga 10.2 a gaba, zaure na 10 ne, hawa na 2, harafin da ke biye layi ne, lambar ƙarshe kuma rumfar. Kada ka ce za ka zagaye ko'ina. Kwana biyar ba su isa ba, kuma ido yana ruɗewa da mutum-mutumin da ke rawa da talabijin mai girman bango, alhali kai fitila ta kawo ka.

Ranar farko ta kallo ce. Ka bi layi-layi, ka karɓi kati, ka tambayi farashi sama-sama, ka wuce. Duk katin da ka karɓa ka manna shi a shafinsa na littafinka nan take, ka rubuta kaya, farashi da lambar rumfa, ka ɗauki hoton katin tare da kayan a hoto guda. Da dare za ka tarar da kati 60 a hannunka, kuma in ba ka yi haka ba, ba za ka tuna wane ne wane ba. Ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, wasu ba sa so a ɗauki sabon ƙirarsu.

A tafiyata ta farko na ga wata fitilar caji da ta burge ni tun kafin azahar ɗin ranar farko. Mai rumfar ya ce in ba a ba da kafin alƙalami a ranar ba, farashin zai tashi, na kuwa bayar. Washegari na tarar da fitilar, ita ɗin dai, a wani zaure wurin masu ƙera ta, da ragi mai yawa. Wanda na biya ashe sari yake yi a wurinsu. Kuɗin bai dawo ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin jarin ba nawa ne ni kaɗai ba. Tun daga ranar ban ƙara ba da ko sisi a cikin filin ba.

Akwai wurin cin abincin halal a cikin filin, ka je kafin ƙarfe 12 ko bayan 2 saboda cunkoso. In Juma'a ta faɗo cikin kwanakin, masallacin Xianxian da ke kusa da tashar Yuexiu Park a layi na 2 yana cika da Musulmi daga ko'ina a duniya. A harabarsa akwai kabarin da Musulmin garin ke dangantawa da Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas. Masallacin Huaisheng kuma yana cikin mafi daɗewa a ƙasar baki ɗaya.

Zaman rumfa: inda aikin yake

Rana ta biyu da ta uku ka koma wurin waɗanda ka zaɓa, kada su wuce 10 ko 15, ka zauna da su sosai.

Tambayar farko: ku ne masu ƙerawa ko sari kuke yi? Kusan kowa zai ce shi mai masana'anta ne, saboda haka ka bi ta gefe. A wane gari masana'antar take? Zan iya zuwa jibi? Mai masana'anta zai yi murna, wani ma ya ce zai aiko mota. Mai sari zai fara kame-kame. Rumfar da ta haɗa fanka da agogo da lasifika da injin aski, da wuya a ce rufi ɗaya ya ƙera su duka. Wannan ba ya nufin mai sari abin gudu ne. Ga mai ƙaramin jari, shi ne ma zai yarda ya haɗa maka kaya kala-kala kaɗan-kaɗan. Abin nufi ka san da wa kake magana, ka san kuɗin me kake biya.

Sai kalmomin da za ka ji ana maimaitawa. MOQ shi ne mafi ƙarancin adadin da za su yarda su yi maka, kuma ana cinikinsa kamar yadda ake cinikin farashi, musamman in ka yarda da launi da kwalin da suke da shi a ƙasa. EXW farashin bakin ƙofar masana'anta ne, duk sauran ɗawainiya taka ce. FOB kuwa su za su kai kayan tashar jirgin ruwa su loda. Kada ka kwatanta farashin mutum biyu sai ka tabbatar a kan sharaɗi ɗaya suke magana. OEM shi ne su buga sunanka a jikin kayan. In kana da wannan buri, ka yi wa sunan rajista a gida tukuna. Buga sunan wani babban kamfani a kan kayan da ba nasa ba kuwa, ko sun ce za su yi maka, ka bar shi. Jabu ne, kwastan na iya kamawa, kuma cin amanar mai saye ne.

Game da ciniki, akwai abin da ya kamata ɗan kasuwarmu ya fahimta. A gida in ka matsa wa mai kaya, ribarsa yake ragewa. A can in ka matsa fiye da kima, zai ce ya yarda, sannan ya rage daga cikin kayan: batir ya ƙanƙance, waya ta sirance, tagulla ta koma alminiyon da aka shafa wa tagulla. Daga waje ba za ka ga bambanci ba. Shi ya sa ake fara daidaitawa a kan abin da ke ciki, a rubuta, kafin a zo kan kuɗi.

Ga lissafin da zai tsare ka. Fawa banki mai 20,000mAh, batirin cikinsa a kan bolt 3.7 yake, wato 74Wh ke nan. Idan wutar ta fito a bolt 5, bayan asarar da ake yi a hanya, abin da zai shiga waya bai fi 12,000 zuwa 13,000mAh ba. Wannan shi ne na gaskiya. Wanda aka rubuta wa 50,000 kuma ka ɗaga ka ji shi sakayau, rubutu ne kawai. Farantin sola na zamani yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowane murabba'in mita, saboda haka ka fito da tef ɗinka ka auna. Farantin da bai wuce rabin murabba'in mita ba aka ce wat 300 ne, ƙarya ce. Batirin litiyom na gida mai bolt 51.2 da 100Ah yana ɗaukar 5.12kWh, nauyinsa kuma yana kaiwa kilo 40 zuwa 50. Ka tambaya ko ƙwayoyin cikinsa sababbi ne masu daraja ta ɗaya ko waɗanda aka ciro daga wani abu ne, kuma a rubuta amsar a takarda.

Ka gaya musu inda kayan za su yi aiki. Zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke hawa da sauka. Ka tambayi iyakar zafin da na'urar ke jurewa da iyakar hawa da saukar wutar da take ɗauka. Ka faɗi irin kan soket: Najeriya da Gana mai ƙafa uku irin na Ingila, Nijar da Kamaru da Chadi mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. In wayar hannu ce, ka tabbatar ƙirar ƙasashen waje ce mai manhajojin Google, wadda kuma ke kama 4G na kamfanonin layinmu, domin wadda aka yi don cikin Sin takan rasa waɗannan.

A ranar ƙarshe masu rumfa da yawa sukan sayar da samfuran da suka baje don kada su koma da su. Dama ce ta samun abin gwaji da araha. Sai dai a jirgin sama fawa banki ba ya shiga jakar da ake aunawa, a hannu ake riƙe shi, kuma kada ya wuce 100Wh. Tun daga ƙarshen Yunin 2025, jiragen cikin gida na Sin ba sa barin a hau da wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Sin, a jikinsa.

Bayan an tashi

Ka bar wa kanka kwana uku ko huɗu don ziyartar masana'antu biyu ko uku da suka fi kwanta maka. Yawancin masu kayan lantarki suna kusa: Shenzhen, Dongguan, Foshan, Zhongshan. Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Guangzhou ta Kudu zuwa Shenzhen ta Arewa kamar rabin awa ne. A masana'anta ka wuce ɗakin baƙi, ka nemi ganin inda ake haɗa kayan, inda ake gwada su, da sito. A Shenzhen ɗin ne kasuwar Huaqiangbei take, benaye cike da kayan waya da sassan gyara, kuma a can ana sayar da ɗai-ɗai da dozin. Mai ƙaramin jari ko mai gyaran waya zai iya samun abin da yake nema a nan fiye da Pazhou. A garin ne kuma hedikwatar Transsion take, masu Tecno da Infinix da itel.

Kafin kuɗi ya fita, ka karɓi hoton lasisin kasuwancinsu. Yana ɗauke da sunan kamfani da rubutun Sinanci da lamba mai gurbi 18, kuma tafintanka zai iya duba ta a shafin gwamnati. Sunan da ke kan lasisi, da na kan takardar ciniki, da na asusun banki su zama ɗaya. Kada ka tura kuɗin kaya asusun mutum. In saƙo ya zo daga baya cewa an canja asusu, ka kira su ta bidiyo ka ga fuskar wanda ka sani kafin ka motsa, domin ɓarayin intanet sun daɗe suna bin wannan hanya.

Abin da aka saba shi ne kashi 30 kafin alƙalami, kashi 70 bayan an gama kafin a loda. Tsakanin biyun nan ne ƙarfinka yake. Ka sa a buɗe katan-katan a gwada, ko kai, ko wakilin da ka amince da shi, ko kamfanin duba kaya, a kwatanta da samfurin da kuka sa wa hannu kai da su. Takardar ciniki ta ƙunshi komai: ƙarfin batir, irin waya, kan soket, kwali, ranar gamawa, da yadda za a yi da wanda ya lalace. Ka nemi su ƙara maka sassan gyara a cikin lodin, domin mayar da kaya daga Kano zuwa Sin ba abin yi ba ne.

Ga tarkon Oktoba da na ambata. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu suna rufewa na makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu. In ka yi jinkirin ba da oda har Disamba, kayanka na iya kwana a can har Maris, ko a yi su cikin gaggawar ƙarshen shekara.

Hanyar gida

Jigilar ruwa da girman kaya ake lissafa ta, abin da ake kira CBM, wato kubik mita. Katan mai tsawon santimita 50, faɗi 40, tsayi 30, CBM 0.06 ne, katan 100 sun zama CBM 6. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kamar 28, doguwar mai ƙafa 40 kuma kamar 68. Wanda kayansa ba su cika kwantena ba sai ya shiga haɗaka wurin masu kago. Ka gaya musu tun farko in akwai batir a ciki, domin batirin litiyom yana cikin kaya masu haɗari, yana buƙatar takardar gwajin UN38.3 daga masana'anta, kuma kuɗin ɗaukarsa daban ne.

Mai shigo da kaya Najeriya da sunan kamfaninsa zai buɗe Form M, takardar bayyana kayan da za a shigo da su, ta bankinsa kafin a loda, ya samu takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, sannan kwastan su fitar da PAAR, takardar tantance kayan da harajinsu kafin su iso. Wayoyi da na'urorin sadarwa suna buƙatar amincewar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC. Ka zauna da mai yi maka kiliyarin tun kafin ka tafi, ya gaya maka harajin kowane kaya, ka haɗa shi da kuɗin jirgi, na tasha, na mota daga Legas zuwa arewa, da abin da canjin dala zai iya yi cikin wata biyun da kaya ke kan ruwa. Wannan jimlar za ka riƙa kwatantawa da farashin kasuwarku lokacin da kake zaune a rumfa.

Ranar da kaya suka iso, ka kunna bidiyo kafin a yanke tef ɗin katan na farko. Ka ƙirga, ka ɗebo daga katan daban-daban ka gwada su gefe da gefe da samfurin da ka riƙe, ka tura musu abin da ka gani ta WeChat a makon, kafin wa'adin ƙorafin da kuka rubuta ya wuce.